Nasara Mai Kunyar Suruki

Ɗiyata Kyauta na da shekara huɗu sanƙarau ya kama ta, a bazarar nan da ya bi garuruwanmu gida-gida. Kwana tara munka yi a rumfar da anka kafa bayan asibiti, ni da ita bisa tabarma ɗaya, ina riƙe da ƙafarta don wuyanta ba ya taɓuwa. Ta tashi. Mata uku da ke gefena sun koma gida da zanen goyo a ninke, saboda haka ban taɓa buɗa baki na yi ƙorafi ba. Sai da munka dawo Goronyo, ran da tukunya ta kuɓuce mani ta fashe a bayanta ba ta ko waiwaya ba, sannan na san abin da ciwon ya tafi da shi.

Magana ma ta bi bayan ji. Da fari tana kiran Inna da ƙarfi fiye da kima, sai kalmar ta fara lanƙwashewa a bakinta, sai ta bari gaba ɗaya. Yaran unguwa ba su yi mata mugunta ba, gajiya sunka yi. A kira ta ba ta amsawa, a sake wasa ita tana kan na farko. Ta koma zama bayan randa da gwiwoyi a ƙirji. In ta nuna abu ban gane ba, sai ta juya ta riƙa buga goshi ga bango, a hankali, kamar mai wani aiki da anka sa ta. Na samo buhunan albasa biyu da tsohon bargo na kafe su da ƙusa a wurin. Abinci kuwa sai na matse ta tsakanin ƙafafuna in ɗura mata kunu, rabi ya shiga ciki rabi ya zube bisa zanena.

Maigidana, wanda ake kira Mode, albasa yake nomawa a filin da ruwan dam ke bi, kuma duk ran da layin ruwa ya zo kansu ba a ganinsa sai rana ta faɗi. Ya yi abin da yake iyawa. Ya kai ta Sakkwato, anka leƙa kunnen da 'yar fitila anka ce jijiyar ta mutu. Ya karɓo rubutu, ya karɓo man ɗigawa. Bayan nan ya daina maganar, sai dai in ya dawo ya tsuguna gefen randa ya ɗora tafinsa bisa kanta. Wata bakwai ban ji dariyar yarinyar nan ba.

Bidiyon kuwa tare da irin albasa ya zo. Lauwali, mijin Yaya Uwaliya ɗiyar gwaggona, shi ke tsallakawa Galmi cikin Nijar kowace kaka ya sayo iri. A wannan shekarar ya dawo da iri, da tsohon bidiyo da talabijin ɗinsa, da kaset uku da mai kayan ya ɗora mashi gyara. Biyu injin ya taune su cikin mako guda. Na ukun shi ne ya zauna: fim ɗin barkwanci na Nasara, da Faransanci tun daga farko har ƙarshe. Lauwali kansa ba ya jin Faransanci, don mutanen Galmi Hausa suke yi kamar mu. Maza suna kallo a zaurensa ranar kasuwa. Ran Juma'a kuwa, da zarar sun fita masallaci, Yaya Uwaliya, da yake tana da injin markaɗe ta san kan igiyar ta da inji, sai ta ta da janareta da kanta, a rufe taga da tabarma, matan unguwa su cika ɗakinta har bakin ƙofa.

Ni ba mai son taro ba ce. Na tafi ne don Yaya ta aiko sau biyu, na kuma ɗauki yarinyar don ba ni barin ta ita kaɗai da bango.

Wani gida ne ake nunawa mai ƙofofi da yawa, bakwai na gani a ɗaki ɗaya. Akwai tsoho mai sanƙo da tumbi da gashin baki. Akwai yarinya kyakkyawa wadda kullum tana kishingiɗe da rana tsaka, hannu bisa goshi. Akwai kuma wani siriri mai dogayen ƙafafu kamar na zalɓe. Sai ya lallaɓo ya shigo wurin yarinyar, ko zama bai gyara ba tsoho ya taɓa ƙofa. Ya zabura ya shiga ƙarƙashin gado, ƙafafun na waje. Ya shiga kabad ɗin tufafi, ƙyauren ya kama mashi bakin riga. Ya fita ta wagga ƙofa, tsoho ya shigo ta waccan, su yi ta zagaye ba su haɗu ba. Sau ɗaya ya dira ta taga da takalmansa a baki, ya faɗa cikin kwamin shayar da dawaki. Wurare biyu Yaya kan ɗauko faifan rufe kwano ta rufe gilashin talabijin, ta ce tufafin ba su isa ba, mu jira. In ta ga an wuce ta ɗauke.

Ba wadda ta ji ko kalma ɗaya, amma ba mu sha wahalar gane labarin ba. Gwaggo Kaltume ungozoma ce ta faɗe shi tun a kallon farko, kowa kuma ta ga haka yake. Yarinyar ciki gare ta, na fari, shi ya sa take kwance, ta zo goyon ciki gidan ubanta. Dogon nan mijinta ne, kewa ta hana shi haƙuri, yana satar zuwa ganinta. Tsohon kuwa surukinsa ne, kuma wane ɗan mutunci zai yarda surukinsa ya riske shi a ɗakin ɗiyarsa? Ai gara kabad. Duk macen da ke ɗakin ta san wannan gudun. Ni kaina lokacin da nake wankan Kyauta a gidanmu na Dinawa, maigidana ya lallaɓo da rana da ƙunshin tsire, Baba ya yi sallama ba zato. Mutumin nan ya maƙale bayan rumbu, tururuwa na cizonsa bai motsa ba. Baba ya hangi ƙafafunsa, shi ma kunya ta hana shi bi ta nan, ya koma zaure ya zauna, kowa na jiran kowa har inuwa ta juya. Na ba da labarin a ɗakin, mata sunka yi ta dukan cinya. Nan anka sa wa na cikin fim suna Dogo Mai Kunya.

A ran nan ne dai. Anka zo wurin da ƙyauren kabad ya buɗe da kansa, Dogo na tsaye ciki da hular mata bisa kai yana riƙe da numfashi, tsoho ya ba shi baya yana laluben tabarau. Ɗakin ya fashe da dariya. Cikin hayaniyar na ji wata ƙara kusa da cinyata, kamar ta tsohon ƙyaure. Ban gane ta ba. Na duba, sai na ga Kyauta ce, baki buɗe, hannunta ɗaya dafe da bayan Gwaggo Kaltume da ke jijjiga. Ba irin dariyarta ta da ba ce, ba ta da daɗin ji, a karkace take fita. Na cusa bakin gyale a bakina. Da munka koma gida ta ci tuwo da hannunta, ta miƙo kwano a ƙara.

Daga nan ta koyi gane Juma'a. In ta ga ubanta ya ɗauko farar rigarsa, sai ta jawo takalmanta ta tsaya bakin ƙofa. A ɗakin Yaya ba mai kiranta ta ƙi amsawa, don ba mai magana. Nasaran na ta zuba, mu duka ba mu ji, da ita da mu ido kawai muke ba su. Takan dubi gilashi, ta dubi fuskokin mata, hannunta kullum bisa jikin wadda ke kusa. A gida ta fara shiga bayan randa ta bar ƙafafu waje da gangan, ni in ɗaura kwano bisa kai in zama tsoho, in yi ta nemanta inda ba ta. Har na fara tunanin cire buhunan nan daga bango.

A kasuwa ra'ayi ya rabu. Masu shaguna da ke zuwa Sakkwato kallon na Indiya sunka ce wannan ba fim ba ne, ba waƙa, ba faɗa, ba wanda ya mutu, wawaye uku kawai da ƙofofi. Masu dakon albasa sunka ce su dai a mayar da shi farko a sake sa masu. Tsofaffin mata kuwa sunka mai da shi abin gori. Duk surukin da ya zauna ya miƙe ƙafa gaban uwar matarsa, sai a ce ko Nasara ya fi shi kunya.

Dariyar ce ta jawo magana. Gidan Lauwali bango ɗaya ne da makarantar Liman Siddiƙu, kuma wata Juma'a munka shagala, anka mayar da kaset farko, har kiran la'asar ya wuce ba mu ji ba saboda ƙarar janareta. Liman na jan salla, shewar mata na tsallako bango. Washegari ya aika wa Lauwali cewa a dakata da kallon mata har ya san mi ake kallo.

Yaya Uwaliya ta ce in kwantar da hankalina. Ta ce Liman mutum ne mai yawan sha'ani, a yi shiru wata guda, a rage ƙara, a koma a hankali, ba wanda zai tanka. Ta girme ni, ta kuma fi ni sanin garin. Amma Juma'a ta farko Kyauta ta tsaya bakin ƙofa da takalma har rana ta karkata. Ta biyu ta ja zanena ta nuna hanya, na girgiza kai. Ina da hannun da nake ce mata zo, da ci, da bari. Ba ni da wanda zan ce mata ki ɗan jira, za a koma. Ta sake ni, ta wuce buhunan, ta samu inda bangon yake tsirara. Da na ɗauke ta goshinta ya tashi kamar ƙwai.

Ran Asabar da hantsi na nemi izinin maigidana na tafi wurin Liman. Abokin mahaifina ne, shi ya raɗa wa yarinyar suna. Na durƙusa bakin zaure na gaishe shi, na faɗa mashi komai, har da tuwon da ta ci da hannunta.

"Allah gafarta Malam, ba abin banza ba na," na ce. "Kunya shika koyarwa. Mutum na shika gudun surukinai tun daga farko har ƙarshe."

Ya ce ya ji, ya kuma tausaya wa yarinyar. Amma shi ba ya hana abin da bai sani ba, ba ya kuma sakin abin da bai sani ba. Hoto kowa na iya gani, in ji shi, to mi suke cewa? Nan ne na yi abin da na yi. Na ce ina da wanda zai faɗa mashi kalma bayan kalma, Attahiru ɗan kawuna, wanda ya yi karatu a Yamai, yana koyar da Faransanci a sakandare a Wurno. Na ce a tara dattawa, a sa kaset, shi ya fassara, Malam ya ji da kunnensa. Ya ce wannan adalci ne. Na fito ina jin na yi dabara.

Da na gaya wa Yaya sai ta aje ludayin da ke hannunta ta tambaye ni mi ya kai ni. Ta ce ita faifanta gilashi yake rufewa, ba ta san da mi za ta rufe bakin Attahiru ba. Na ce ai ba abin rufewa, mun kalle shi ya fi sau goma sha biyar, in da akwai wani abu da mun gani.

Attahiru ya iso ranar kasuwa bayan azahar, bisa babur, ya yi zanzaro. Taubashina ne, tun muna yara ba mu raga wa juna ba. Na tare shi a ƙofar baya ta gidan Lauwali.

"Ke 'yar ƙauye," ya ce, "yaushe kunka fara jin Faransanci a Goronyo? Albasa tak koya maku?"

"Mu da ba mu je Yamai ba mun gane shi. Kai dai shiga ka maimaita abin da munka riga munka sani, a dama maka fura ka koma."

Na miƙa mashi kwalin kaset. Ya dubi hoton yana murmushi, ya juya bayansa ya karanta, murmushin ya ragu. Ya ce ya san irinsu, a Yamai ya kalli da yawa. Ya ce ko a ƙasar Nasaran masu rubutu a jarida ba su ɗauke su bakin komai ba, sukan ce babu komai ciki sai buga ƙofa da faɗuwa, dariyar marasa aikin yi. Jama'a kuwa ba su saurare su ba, sai su yi layi har titi, mako bayan mako. Na ce to ai jama'a sun fi su hankali. Bai yi dariya ba.

"Sauda, bar ni in koma Wurno. Ki ce ba ki same ni ba."

Na ɗauka jan aji ne irin na taubashi. Na ce dattawa na zaune, in ya kunyata ni gabansu kada ya ƙara shan ruwan gidana. Ya dubi Kyauta da ke riƙe da zanena, ya dubi goshinta. Ya buɗe baki zai ce wani abu, sai Lauwali ya leƙo ya ce Malam na jira.

A zauren akwai Liman, da mai unguwa, da dattawa biyu, da Lauwali, da maigidana riƙe da Kyauta bisa cinya, don na roƙa a shiga da ita Malam ya gani da idonsa. Ni da Yaya muna ƙofar cikin gida bayan asabari, muna hange ta tsakanin karare.

Farkon ya tafi daidai. Attahiru na faɗin ƙananan abubuwa: yarinyar na cewa kanta na ciwo, tsoho na cewa ya manta hularsa, tana cewa ya yi maza. Da Dogo ya shiga ƙarƙashin gado mai unguwa ya yi tari, tarin ya koma dariya. Liman ya ja bakin rawani ya rufe bakinsa, amma kafaɗunsa na motsi. Ƙarar Kyauta ta tashi sama da ta kowa, na ga Liman ya juya ya dube ta. Na matse hannun Yaya har ta ce in sake ta.

Sai tsoho ya zauna bakin gado, ya kama hannun yarinyar, ya yi doguwar magana. Attahiru bai fassara ba. Liman ya ɗaga hannu, Lauwali ya tsayar da kaset.

"Malam Attahiru, ka tsallake wuri. Mi uban yac ce mata?"

Attahiru ya ce magana ce ta cikin gida, ba ta da wani muhimmanci.

"Tsakaninka da Allah nika tambayar ka."



"Allah gafarta Malam, ba ubanta ba na. Mijinta na."

Mai unguwa ya tambaya, to Dogon fa? Attahiru ya amsa kansa a ƙasa. Ya ce ba ciki ba komai, ciwon kan ma ƙarya ne, tana kwanciya ne don mijin ya fita neman magani. Dogon kuwa kwartonta ne.

Lauwali ya ruɗe, ya kai hannu zai kashe, ya danna inda ba nan ba, fim ya ci gaba. Ƙyauren kabad ya buɗe da kansa, ga Dogo da hular mata. Ba wanda ya motsa a zauren. Kyauta ta fara ƙararta ta yi rabi, sai na ga ta juya ta dubi fuskar ubanta, ta dubi ta Liman, tafinta bisa ƙirjin uban. Ta rufe bakinta.

Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce wata biyar ke nan matan aure na unguwarsa suna taruwa suna yi wa kwarto fatan kada a kama shi. Ba da saninsu ba ne, kuma Allah ba ya kama wanda bai sani ba, amma yanzu an sani. Ya tambayi Attahiru ko malaman ƙasar ba su yi magana ba. Attahiru ya maimaita mashi zancen masu jarida, ya ce sun ƙi shi ƙwarai, amma saboda ƙofofin ne, matar ba ta dame su ba. Liman ya ce ko ta wace hanya sunka biyo, sun iso inda ya iso. Ya ce a rufe. Ya tashi, da zai wuce ya dafa kan Kyauta.

Kafin a tashi kasuwa labari ya gama gari. Gwaggo Kaltume ta ce ita ba ta taɓa cewa ubanta ne ba, wasu ne sunka ƙara mata. Maza sunka hana matansu ko gaisuwa gidan Yaya na ɗan lokaci, matan ma ba su yi musu ba, don in mun haɗu a rijiya kowa idon kowa take gudu. Sunan Dogo ya juya ya zama zagi, har wani saurayi ya fasa wa abokinsa baki a kansa. Masu shagunan nan sunka ce su dama sun faɗa. Lauwali ya so ya jefa kaset cikin babbar hanyar ruwa da ke zuwa gonaki, Yaya ta riga shi, ta ɓoye shi cikin kwanonin jerenta. Attahiru ya hau babur ɗinsa bai sha furar ba.

Bayan kwana uku na koma bakin zauren Liman na durƙusa.

"Malam, ita ba ta ji abin da Attahiru yac ce ba, ba ta kuwa jin shi har ta mutu. A bar mata, ita kaɗai."

Ya ce taron mata ya hana, kuma ba zai janye ba. Abin da uwa ta yi wa ɗiyarta marar lafiya a ɗaki, ƙofa a rufe, ba a kawo mashi ba, shi ma ba zai je nema ba. Ya ce in tashi, Allah ya ba ta lafiya. Na yi godiya har goshina ya taɓa ƙasa. Na koma gida da sauri kamar an ba ni kunnen yarinyar a hannu.

Ran Juma'a da Kyauta ta ga farar riga na miƙa mata takalmanta da kaina. Ta yi tsalle. Na biya wa mata uku a hanya ko za su zo, ko da a ɓoye, kowace ta ba ni uzuri ta tsakanin ƙyaure. Yaya ta ta da janareta, ta rufe taga, ta sa kaset, ta ce ita tana tsakar gida tana da markaɗe. Daga baya ta gaya mani fuskar tsohon ce ba ta iya kallo.

Ban san ɗakin nan na da faɗi haka ba. Kyauta ta zauna inda ta saba, ta bar wuri a hagunta, ta waiwayi ƙofa. Nasaran sunka fara magana, ta sake waiwayawa. Dogo ya shiga ƙarƙashin gado, ƙafafun na waje. Ta dubi gilashi, ta dubi hagu inda Gwaggo Kaltume ke zama, ta dube ni. Sai ta matso ta ɗora tafinta bisa cikina.

Na gane abin da take nema. Na buɗe baki, na girgiza kafaɗu, na doki cinya kamar yadda muke yi. Amma idona na kan tsohon. Yana tahowa da ruwa a kofi don ciwon kan nan, yana takawa a hankali, ya tare bakin kofin da ɗayan hannun kada ya zube. Fiye da sau goma sha biyar na kalli fim ɗin ban taɓa lura da kofin ba. Abin da nake yi da baki bai sauka ƙasa ba, hannun yarinyar kuwa yana nan, ba abin da ya motsa ƙarƙashinsa. Ta ɗan danna, kamar mai gwada ko gwanda ta nuna. Ta jira. Ta ɗauke hannunta.

Kafin a zo wurin kabad ta riga ta ba talabijin baya, tana tsinkar kabar tabarma. Na bar shi ya kai ƙarshe. Da anka zo wuraren faifai na tashi na rufe, ko da yake ba mai kallo.

Mun ƙara gwadawa sau biyu. A na biyun maigidana ya baro masallaci da sauri ya zo ya zauna da mu, ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi, amma shi dama dariyarsa ba ta da yawa, kuma shi ma ya ji abin da na ji. Na mayar wa Yaya faifanta na ce ta daina ƙona mai. A gida na ɗaura kwano bisa kai na zagaya randa ina nema, ƙafafunta na naɗe ciki, ba ta miƙo su ba.

Attahiru ya aiko da saƙo daga Wurno cewa akwai makarantar kurame a Sakkwato, ana koya masu magana da hannu, amma sai ta ƙara girma, kuma can ake kwana. Ban amsa mashi ba tukuna. Ban san yadda zan gaya wa Kyauta cewa za a dawo a ɗauke ta ba.

Jiya Juma'a. Ubanta ya ɗauko farar rigarsa ya kakkaɓe, ta bi shi da ido daga bayan randa har ya fita. Takalmanta na ƙarƙashin gado, sun ma yi mata kaɗan. Da ya tafi na ɗauko guduma da ƙusa huɗu, na ƙara buhu na uku daga sama, don ta ƙara tsawo.